Shekarar da Na Sayar da Kwanonin Yayarku

Akwai maganar da ta daɗe tana yawo a danginmu, kuma na san babu wanda bai taɓa jin ta ba a cikinku, ko a gidan biki ko a bakin gwaggonninku. Cewa ake yi uwarku ta sayar da kayan ɗakin 'yarta ta kashe wa kare. Ba ku taɓa tambayata ba, ni ma ban taɓa ɗauko zancen ba, sai dai in ga kuna satar kallon juna duk ranar da wani ya ambaci kare a gabana. To yau zan faɗa muku da kaina, tun ina da sauran ido da hannun riƙe alƙalami. Maganar gaskiya ce, na sayar. Amma masu ba da labarin sun yar da rabinsa a hanya, kuma rabin da suka yar shi ne ya hana ni sakat har yau.

A lokacin muna zaune a unguwar Gidan Igwai a Sakkwato, a gidan nan mai dogon yaro a tsakar gida. Ina koyar da ɗinki da girki a makarantar firamare ta 'yan mata, Babanku kuma yana aikin sito a ma'aikata. Zamanin soja ne, kuɗin mai sun shigo ƙasa, an yi wa ma'aikata ƙarin albashi har da na baya, gari ya ruɗe da saye-saye. Wanda bai sayi babur ba ya sayi rediyo. Babanku babur ya saya, yana goge shi safe da yamma, ko ƙuda ba ya so ya sauka a kai. Ni kuwa duk abin da ya shigo hannuna kwano nake saye, domin tun ranar da aka yaye yayarku nake tara mata kayan ɗaki. Ku na yanzu kujeru kuka sani da firji. A zamaninmu darajar amarya a bango take: ranar jere mata za su cika ɗaki, su bi kwanoni da tasoshi da ido tun daga ƙasa har sama, su fita da labari. Adaka uku na cika a ƙarƙashin gado. Abin da na fi ji da shi wani saiti ne na kwanoni masu murfi, farare da shuɗin fure, guda goma sha biyu, kowane yana shiga cikin ɗan'uwansa. Yayarku tana shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai, ta kawo wanda take so, an karɓi gaisuwa, an sa rana bayan babbar salla mai zuwa.

Sai na tsaya na bayyana muku wani abu, ku 'yan baya da na goya na yi wa wasa. Yayarku 'yar fari ce, mu kuwa an tashe mu da kunyar ɗan fari. Ba na faɗin sunanta. Ba na kallon fuskarta a gaban mutane, ba na zama tabarma ɗaya da ita, ko zazzaɓi take yi sai dai in aika wani ya dubo mini. In ina son ta yi wani abu sai in ce “ke”, ko in ce da ɗayanku ya gaya wa waccan. Haka uwata ta yi wa yayana, haka na yi, kuma a wurinmu wannan shi ne mutunci. Abin da bakina ya kasa gaya mata shekara goma sha takwas, shi nake zubawa a cikin adakun nan, kuma na tabbata ta san haka, don in ta zo hutu ita ke share ɗakina.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da Malama Rifkatu, wadda ke koyar da lissafi a makarantarmu. Kirista ce, mutumiyar kudancin tsohuwar jiharmu, mijinta Bitrus kafinta ya rasu ya bar ta ba ɗa. Shekara goma sha biyar muna tare. Ranar Kirsimeti shinkafarta ta tsallako mana, ranar layya namanmu ya tsallaka mata. Ita ce mai tsokanata, ta tsaya a bakin katanga ta ƙwala wa yayarku kira da cikakken sunanta, sannan ta dube ni tana dariya don ta ga na sunkuyar da kai. Tana da wani baƙin kare mai farin ƙirji da yagaggen kunne, sunansa Duna, wanda Bitrus ya tsinto tun yana ɗan kwikwiyo. Ni dai haushinsa kawai na sani, ban taɓa yarda ko inuwarsa ta taɓa ni ba.

A shekarar ne aka raba jihar, aka ce kowane ma'aikaci ya koma inda asalinsa ya faɗa. Sunan Rifkatu ya fito. Ranar tafiya da safe motar kaya ta tsaya a ƙofarta, aka ɗora gado da tukwane, direba ya rantse kare ba zai hau masa mota ba. Can inda za ta ma ɗaki ɗaya aka ce za a ba ta a cikin makarantar kwana. Sai ga ta ta shigo gidanmu da sarƙa a hannu, idonta ya yi ja.

“Malama Kulu, ki riƙe mini Duna wata uku kawai. Da na samu gida zan aiko a ɗauke shi. Shi kaɗai ya rage mini na Bitrus.”

Na dubi kare, kare ya dube ni. Direba yana ta danna ham, ita tana ta share hawaye da bakin zane. Da na ce mata to, da na ce Allah ya kiyaye hanya, da an wuce wurin. Amma bakina ya riga hankalina.

“Tahi abinki, Rifkatu. Na amshi amana.”

A wani gidan wannan magana ce kawai ta sallama. A gidan da na fito ba haka ba ne. Kakanku Malam, mahaifina, shi ne wanda fatake da masu tafiya Makka ke bar wa ajiya. Na tashi ina ganin jakunkunan mutane rataye a zaurensa shekara da shekaru, gizo-gizo ya yi saƙa a kansu, ba wanda ya isa ya kwance bakin ko ɗaya. Mota na tashi na tuna wannan. Na ɗaure Duna a gindin dogon yaro, nesa da randa, nesa da inda muke salla. Da Babanku ya dawo da azahar ya tsaya da babur a hannu.

“Kulu, mi nika gani ɗaure ga icen nan?”

“Baƙo na, Malam. Wata ukku za shi yi.”

“Baƙo mai wutsiya? To ki gaya mashi kak shi kusanci butata, kak shi kusanci babur.”

Bai cika kwana goma ba abin ya faru. Ranar Asabar da hantsi ina wanki, sai na ji sarƙa tana kaɗawa wani iri. Ina juyawa na ga Duna a ƙasa ya sandare, ƙafafu suna ta harbin iska, kumfa tana zuba daga bakinsa, fitsari yana bin ƙasa. Yaran maƙwabta da ke wasa a gidan suka fita da gudu suna ihun mahaukacin kare. Kafin in ɗauraye hannu ƙofar gida ta cika da maza, wannan da sanda, wannan da dutse, Sani mahauci a gaba da gora. Ni kaina na san abin da cizon mahaukacin kare ke yi wa mutum. Amma sai na tsinci kaina a bakin zaure, na tare ƙofa da hannu biyu, kumfar sabulu har gwiwar hannu.

“Malama, kauce! In yac ciji ɗiyan mutane mi za ki ce?”

“Ɗaure shike, Sani, ba shi cizon kowa. Ba nawa na ba, ajiya ta. Ku ba ni zuwa Litinin in kai shi asibitin dabbobi. In sunka ce hauka ta, ni da kaina za ni kira ka.”

Muna cikin wannan ja-in-ja Duna ya miƙe yana tangaɗi, ya nufi ruwa ya sha, ya kwanta yana kaɗa wutsiya kamar ba shi ba. Maza suka watse suna gunaguni. Ni kuwa na yafa mayafi na nufi cikin gari wurin Kakanku, kuma ba zan ɓoye muku ba, kuɓuta na je nema. Na ɗauka malami kamarsa zai ce kare ƙazanta ne, ajiyarsa ba ajiya ba ce, in kore shi in huta. Ya saurare ni har na gama, yana jan carbi.

“Da tab ba ki sarƙa, mi kinka ce mata?”

“Nic ce na amshi amana, Baba.”

“Gaban wa?”

“Ba kowa wurin.”

“Akwai. Ke dai ba ki gane Shi ba.” Ya ajiye carbinsa. “Kare mai rai ba najasa na ba ga karatunmu, mutanen gari ka hwaɗin haka. In yas sa baki ga kwano a wanke sau bakwai. Kak ki sa shi ɗaki, kak ki bar shi da yunwa. Abin da anka ba ki, shi za ki maida.”

Ranar Litinin ba mai tasin da ya yarda ya ɗauke mu, Babanku kuwa da na kalli babur sai ya kalli sama. Da ƙafa na tafi. Ku zana wannan a ranku: 'yar malamai, matar aure, malamar makaranta, lulluɓe da mayafi tana jan kare a kan titi, masu koko da ƙosai suna barin ciniki suna bin ta da ido. Har wani mai shayi ya ɗaga murya ya tambaya ko farauta za ni. A asibitin na tarar da shanu da dawaki da wata Baturiya da karenta mai gashi buzu-buzu. Likitan mutumin Indiya ne, wani malamin dabbobi yana yi mana tafinta. Suka riƙe Duna kwana goma suna dubawa, ni ke biyan abincinsa, suka yi masa allurar riga-kafi suka rataya masa lamba a wuya. Ranar da na koma likita ya ce ba hauka ba ce, farfaɗiya ce. Ba a ɗauka, amma ba ta warkewa. Ƙwaya zai riƙa sha safe da yamma har ƙarshen ransa, in aka tsallake ciwon zai dawo da ƙarfi, kuma duk wata sai an kawo shi an duba. Maganin babu shi a sitonsu, sai a kemis. A lokacin kuwa kaya sun maƙale a tashar jiragen ruwa ta Ikko, abin da ka saya yau, wata mai zuwa ya ninka.

Daga ranar zamana ya ƙare. Da farko a cikin loma ta tuwo nake ɓoye ƙwayar, ya cinye. Da ya gane sai ya riƙa lashe tuwon ya tofo mini ƙwayar a gabana, yana kallona. Na koma bushasshen kifi, shi ma ya gane. A ƙarshe sai da na durƙusa na buɗe bakinsa da hannuna na tura, ni da ko inuwarsa ba na so. Ranar na wanke hannu da sabulu da yashi har fata ta yi ja, duk da abin da Kakanku ya faɗa. A aji ina nuna wa yara yadda ake kalmasa, kunnena yana gida, ko cokali ya faɗi sai in ji kamar sarƙa ce. Ana buga ƙararrawar tara in fito da sauri cikin ranar Sakkwato in leƙa shi, in koma ina haki. Ina ƙirga ƙwayoyi kamar mai ƙirga kwanakin azumi. Masinjan makaranta in ya shigo da wasiƙu sai in miƙe tsaye. Wata uku suka wuce, shida suka wuce. Wasiƙa ɗaya Rifkatu ta aiko, ta ce gida bai samu ba tukuna, ta haɗo da ɗan abin da bai kai maganin mako biyu ba. Na rubuta mata uku ina gaya mata ciwon, ba amsa. Daga baya na ji an sake tura ta wani ƙauye.

Albashina ya fara tafiya, kwasar adashina ta bi. Babanku ya taimaka sau biyu, a na uku ya ajiye cokali.

“Kulu, ɗiya bakwai gare ni da buki gaba. Ki ba mahwarauta shi, ko ki kai shi Kwalkwalawa wani manomi shi amsa. In ba haka ba, likitan nan na da allurar da ka hutar da dabba.”

Gaskiya ya faɗa, likita ma ya yi mini tayin allurar, ya ce ba zafi, barci ne kawai. Na tsaya a gabansa da sarƙa a hannu, na buɗe baki zan ce to, sai na ji na ce sai wata mai zuwa. Kada ku ɗauka tsoron Allah ne kaɗai ya riƙe ni. Akwai shi, amma akwai taurin kai, don duk unguwa ta zuba ido ta ga ranar da Malama mai kare za ta gaji, ni kuwa kun san halina. Akwai kuma abu na uku da na daɗe ina jin kunyar faɗa. Duna ya kan ji ciwon tun kafin ya zo. Sai ya ja sarƙa har ƙarshenta yana wani siririn kuka, ba ya yin shiru sai na zo, ya ɗora kansa a kan ƙafata, sannan abin ya kama shi. Duk gidan nan ni yake nema. Na so shi, ga maganar a fili.

Wata ranar Lahadi na fito da saitin nan mai shuɗin fure na wanke, na jera a tabarma su sha iska, mata biyu maƙwabta suna yabawa. Ciwon ya kama Duna, ya sake shi, ya tashi da ƙishirwa a gigice, sarƙar kuwa ashe na ɗaura ta da tsawo. Kafin in kai gare shi ya sa baki a ƙaramin kwanon, wanda ruwa ya kwanta a ciki. Matan suka yi salati. Na wanke sau bakwai a gabansu, amma na san aikin banza nake yi, don kafin magariba labari ya zaga unguwa, kuma babu amaryar da za a jera wa kwanon da kare ya sha ruwa a ciki. Na bar masa shi ya zama nasa. Goma sha biyu suka koma goma sha ɗaya.

A watan ne mai kemis ya ce maganin ya sake tashi, ni kuwa hannuna wayam. Na aika aka kira Inno dillaliya. Tasoshi huɗu na fara ba ta, ina gaya wa kaina ƙarshen wata zan mayar. Ƙarshen wata ya zo, kuɗin tasa huɗu ba ya sayen biyu. Sai fanteka suka bi, sai farantai. Duk ranar da Inno ta fita da ƙunshi a ƙarƙashin mayafi sai in kasa cin abinci, in yi ta kai-kawo tsakanin ɗaki da gindin dogon yaro. Da yayarku ta zo hutu ta shiga share ɗakina yadda ta saba. Ina tahowa daga madafa na hango ta ta ƙofa, ta durƙusa ta jawo adaka ta farko da ƙarfin da ta saba sawa, adaka ta taho fiu, har ta kusa faɗuwa da baya. Ta buɗe, ta daɗe tana kallon ciki, ta rufe, ta mayar a hankali, ta ci gaba da shara. Ni kuwa na wuce kamar wani abu zan ɗauko a zaure.

Maganar ta kai kunnen Kakanku, ya aiko in zo.

“Kulu, an ce kina saida kwanonin yarinya.”

“Ni nis saye su, Baba, da gumina.”

“Da kinka saye, da sunan wa kinka aje?”

Na sunkuyar da kai.

“To sun hita hannunki tun ran nan. Su ma ajiya na. Kin tambayi mai su?”

“Baba, ƙaƙa za ni zauna da ita in yi wagga magana? Ɗiyar hwari ta.”

“Ni ban hana ki kunya ba. Amma ki tambaye ta. In ta yarda ta samu lada, ke kin hita. In ba ta yarda ba ki zaka mu nemi wata hanya.”

Na dawo gida da niyya, Allah ya sani. Sau biyu ina zuwa bakin ƙofar ɗakin da take, ina jin motsinta tana ninke kaya. Me zan kira ta? Ta ina zan fara? Mace mai tare maza da sanduna a bakin zaure, mai jan kare a titi gari yana dariya, ta kasa ɗaga labule ta yi wa 'yarta magana uku. Na farko na ce ke, a ɗora ruwan zafi. Na biyu juyawa kawai na yi. Hutu ya ƙare ta koma makaranta. Bayan mako uku ƙwayoyi suka ƙare, Duna ya faɗi sau uku a yini ɗaya, na kira Inno na ba ta goma sha ɗayan. Da yake saitin bai cika ba, ko rabin kuɗinsa ba ta kawo mini ba.

Aka yi biki bayan babbar salla. Babanku ya yi iya ƙoƙarinsa, gwaggonninku suka kawo gudummawa, amma abin da aka tara shekara goma sha takwas ba a mayar da shi a wata biyu. Uwa ba ta zuwa jere, ƙanwata ce ta je ta dawo tana huci. Ta ce sun baza kwanonin nesa da juna don su rufe bango, duk da haka farar ƙasa tana leƙowa ta ko'ina. Wata daga dangin ango ta tambaya da ƙarfi:

“Ina saiti mai hure da anka ce uwar ta aje?”

Wata ta amsa daga baya:

“Shina cikin kare.”

Ɗaki ya ɗauki dariya, amarya tana zaune a bakin gado cikin lulluɓi tana ji. Ƙanwata ta ce ko motsi ba ta yi ba. Ni da na ji, na shiga bayan gida na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da ita.

Duna bai daɗe ba bayan haka. Da bazara ta tsananta, wata rana da la'asar ciwon ya kama shi ya ƙi saki, yana lafawa yana dawowa. Na tura masa ƙwaya ba ta wuce ba, na yi ta zuba masa ruwa da ƙaramin kwanon nan, kansa a kan ƙafata, har ya daina motsi. Babanku, wanda bai taɓa taɓa shi ba ko da sanda, shi ya kawo buhu ya sa shi da hannunsa, ya ɗaura a bayan babur ɗin nan da ko ƙuda ba ya sauka, ya ɗauki fartanya ya fita bayan gari. Da ya dawo ya miƙo mini sarƙa da lambar wuya.

Da damina sai ga Rifkatu ta yi sallama, ta rame, da 'yar jakarta. Bayan ta sha ruwa na ɗauko sarƙa da lamba na ajiye a gabanta, na ce amana ta koma ga Mai ita, ga abin da ya rage. Na fara ba ta labarin ciwon, sai ta rufe fuska da hannu biyu.

“Na sani, Malama Kulu. Tun Bitrus yana da rai yake yi, a ɓoye nake ba shi magani. Na ji tsoro in na gaya miki ba za ki karɓa ba. Wasiƙunki sun same ni, kunya ta hana ni amsa. Na ɗauka da kin ga ciwon za ki sa likita ya hutar da shi. Ni na kasa, shi ya sa na bar miki.”

Ban taɓa jin ɓacin rai irin na ranar ba. Ashe abin da take so in yi ke nan tun farko, ni ina nan ina kwashe adaka. Na tashi na shiga madafa na yi ta hura wutar da take ci da kanta. Da na fito ta tambayi yayarku da sunanta yadda ta saba, ta ciro turmin atamfa ta ce a kai wa amarya. Ban gaya mata zancen kwanoni ba, har ta mutu ba ta ji daga bakina ba. Na ba ta abinci, ta kwana biyu, na raka ta tasha. Na daɗe da yafe mata, don ita ta buɗe baki ta faɗi laifinta a gabana shekara ɗaya da rabi kacal bayan ta yi shi.

Ni nawa ya haura shekara arba'in. Yayarku ba ta taɓa ɗaga maganar ba, ko da wasa. Ta cika bangonta da albashinta, ta aurar da nata 'ya'yan, yau ga ta da jikoki. A gidanta nake zaune yanzu, ita ke ɓare mini ƙwayoyin hawan jini safe da yamma, ta tsaya a kaina sai ta ga na haɗiye, don ta san ina ɓoyewa a ƙarƙashin matashi. In ta miƙo ruwa har yau “ke” nake ce mata. Na riƙe amanar maƙwabciya har gari ya yi mini dariya, kuma ban yi nadamar ko ƙwaya ɗaya da na ba Duna ba. Amma da kayan wata na riƙe ta, kuma Kakanku ya nuna mini hanya, magana uku ce, na kasa.

Ƙaramin kwanon yana ƙasan adakata, naɗe a cikin tsohon ɗankwali. Shuɗin furen bai goge ba. Na wanke shi sau bakwai, na sake wankewa ban san iyaka ba. Ku sauran, in kun zo nan a karatu ku miƙa mata takardar ta karanta da idonta, don abin da ya rage ba naku ba ne.

Balkisu. Kwanonin naki ne, kuma ban tambaye ki ba. Ki yafe mini.